Kafireta: a wanke ko a canja?

Jama'a, duk mai kabu-kabu ya san ciwon kafireta. Ita ke haɗa iska da mai kafin su shiga inji. Da zarar ƙurar hunturu ko dattin man kwalba ya toshe ƴar ƙaramar kafar da mai ke bi, sai moto ya kama tari, ya mutu tsakiyar hanya.

Kwanan baya na raka ƙanena gidan dilan da ya saida masa moto a Maraɗi. Ko kwance ta ba su yi ba, suka ce sai an sa sabuwa, suka yanka masa kuɗin da ya kusa cinikinsa na mako guda. Muka fito. Wani bakanike a bakin kasuwa ya kwance ta, ya wanke da mai, ya hura iska. Kafin la'asar yaro ya koma aiki.

Ba mu ce gidajen dila ba su da amfani ba. Kayansu na asali ne, kuma wanda ya kai sabon moto wani wuri yana iya rasa garantinsa. To amma wannan ba dalili ba ne na shaƙe talaka. Su liƙa farashi a bango: wanki nawa, canji nawa. In sun ce ta lalace, su nuna wa mai ita inda ta lalace, su kuma ba shi tsohuwar.

Ku kuma ƴan kabu-kabu, ku riƙa tace mai, ku share matatar iska. Abincin iyalinku yana cikin wannan ƴar kafa.