WASIƘAR AKAWUN WONAKA: Asalin Gasar Ƙwallo a Garuruwanmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sāke ba ni filin nan da ka saba ba ni, don yau ina da magana a kan ƙwallon ƙafa, wadda iyayenmu ke kira tamaula. Na sani akwai malamai cikin masu karatu da za su ce, "Akawu ya rasa abin faɗi, ya koma zancen yara." To, su yi mini haƙuri su kai ƙarshe, sa'an nan su yanke mini hukunci.

Ga abin da ya jawo maganar. Samarin unguwarmu suna da 'yar ƙungiyarsu ta ƙwallo, suka kuwa naɗa ni magatakarda, tun da sun ga aikina ke nan riƙon littafi. Da ranin da ya wuce muka shirya wasa da samarin wani gari, ba na faɗin sunansa don kada a ce na tona asirin maƙwabta. Muka yi karo-karo, muka share fili, muka ja layi da toka, mata suka dafa wa baƙi abinci. Jama'a suka taru tun azahar, har da tsofaffi da tabarminsu. Aka yi la'asar shiru, rana ta yi ja shiru. Can dab da magariba suka bugo waya, wai sun sami wani wasa a wani wuri da ya fi namu tsoka. Jama'a suka watse suna tsaki. Da dare na iske yaran nan a gidan kallo suna gardamar ƙungiyoyin Ingila kamar za su doki juna. Wani ƙanena a cikinsu ya dube ni ya ce, "Yaya, ka daina wahal da kanka. Ƙwallon ƙasar nan ba ta da tsari, ba ta kuma da tarihi." Maganar ta yi mini ciwo, domin rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin shi nake so in gyara yau.

Bari mu fara da Ingilar da suke yabo. Irin wannan wulaƙanci da aka yi mana, shi ya haifi gasar da suke kallo. A shekarar 1885 hukumar ƙwallo ta Ingila ta yarda a riƙa biyan 'yan wasa albashi a fili. Amma da me za a biya su? Sai da kuɗin ƙofa. Kuɗin ƙofa kuwa ba ya samuwa sai an yi wasa, ga shi a lokacin ƙungiya takan yi alkawari ta saɓa in ta hangi inda ya fi maiƙo. Sai wani mai kantin tufafi a birnin Bamingam, ana ce da shi William McGregor, wanda ke cikin shugabannin Aston Villa, ya kawo shawara a haɗu a rubuta jadawali tun farkon shekara, kowace ƙungiya ta kara da kowace sau biyu, ɗaya a gidanta ɗaya a gidan abokiyar karawa. A 1888 ƙungiyoyi 12 suka fara, kowace ta yi wasa 22, Preston North End ta cinye ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ku duba fa, jama'a, babu wani sihiri a ciki. Takarda ce da alƙalami da cika alkawari.

To, mu dawo gida. Wasan farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, 'yan makaranta suka ci uku da biyu. Ni da na yi makarantar mishan ban yi mamakin wannan ba, gama a irin makarantun nan sa'ar wasa tana cikin jadawali kamar sa'ar lissafi, wanda ya ƙi fita fili kuwa sai ya yi bayani. Daga makarantu da barikin soja ƙwallo ta shiga ma'aikatu, daga ma'aikatu ta bi hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Duk inda aka kafa babbar tasha aka tara akawuna da makanikai da leburori, ba a daɗewa sai ka ga an kafa sanduna biyu a bayan bariki.

A Ikko ne abin ya fara zama gasa sosai. Cikin shekarun 1930 aka sami hukumar da ke shirya wa ƙungiyoyin birnin wasanni bi da bi, ana lissafin maki. Manyan ƙungiyoyin kuwa na wuraren aiki ne: ta Reluwe, da ta Marine watau ma'aikatar jiragen ruwa, da ta ma'aikatar ayyuka, da ta 'yan sanda, da ta kamfanin UAC. A 1938 Nnamdi Azikiwe ya kafa tasa, Zik's Athletic Club, don 'yan ƙasa su sami ƙungiyar da ba ta ƙarƙashin Bature.

Nan akwai abin lura. A bisa takarda, duk waɗannan 'yan wasan sha'awa ne, ba a biyansu ko anini saboda ƙwallo. Amma kowa ya san yadda ake yi. In yaro ya iya taka leda, sai ma'aikata ta ɗauke shi aiki, a rubuta sunansa cikin akawuna ko masu gyaran inji, a sallame shi da wuri ya tafi motsa jiki, ƙarshen wata ya sa hannu ya karɓi albashinsa kamar kowa. Watau sana'ar ƙwallo ta girmi sunanta a ƙasar nan da shekaru masu yawa. Dabarar kuwa tana da wani alheri da ya kamata mu tuna: ran da ƙafa ta gaza, aikin yana nan, mutum bai koma bara ba.

A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da kofi, aka kira shi Kofin Gwamna. Marine ta fara ɗauka, ta ci Corinthians ɗaya da nema. Da fari na 'yan Ikko ne kaɗai, daga baya aka buɗe wa sauran garuruwa. Yadda garuruwan ke shiga shi ne abin da ya fi burge ni. Kowane gari yana da ƙananan ƙungiyoyinsa da ke karawa a tsakaninsu, in lokacin kofi ya zo sai a tsamo gwanaye daga cikinsu a haɗa ƙungiya guda mai sunan garin. Ashe gasar cikin gari ita ce rijiya, ƙungiyar gari guga ce kawai.

Daga wannan rijiya aka ɗebi mutum 18 da suka tafi Ingila cikin jirgin ruwa a 1949, Etim Henshaw na shugabantarsu, da Teslim Balogun wanda ake wa kirari da tsawa saboda ƙarfin bugunsa. Yawancinsu ba su sa takalmi ba, sai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi. Duk da haka wasansu na farko suka ci ƙungiyar Marine ta can biyar da biyu. Wasa tara suka yi, suka ci biyu, aka yi kunnen doki biyu, aka cinye su biyar. A hanyarsu ta komowa suka tsaya Saliyo suka ci biyu da nema, wannan shi ne wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa.

Arewa fa? Ba a bar ta a baya ba. A 1951 zaɓaɓɓun Jos suka kai wasan ƙarshe, Reluwe ta Ikko ta sha da ƙyar, uku da biyu. A 1953 zaɓaɓɓun Kano suka doke Lagos Dynamos biyu da ɗaya, suka ɗauko kofin. Kafin wannan rana kofin bai taɓa kwana a wajen Ikko ba. Kano ce ta fara fitar da shi, ta riga Badun, ta riga Fatakwal, ta riga Inugu. A shekara mai bi ta sāke kai wasan ƙarshe, Kalaba ta karɓe. Da aka fara gasar maki ta ƙasa baki ɗaya a 1972, Mighty Jets ta Jos ce zakara ta farko, a 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Ƙanena, wannan ne ka ce babu tarihi?

Sai a 1990 aka cire kunya aka kira abin da sunansa. A watan Mayu na shekarar aka buɗe gasar ƙwararru a filin Onikan na Ikko da ƙungiyoyi 16, aka ce daga yau ƙwallo sana'a ce, a rubuta yarjejeniya, a biya ɗan wasa don wasansa. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta ci ta farko. A shekarar ce kuma aka haɗa ƙungiyoyi uku na birnin Kano, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka sami Kano Pillars. Ku lura, ita ma daga rijiyar cikin gari aka ɗebo ta. Ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma jera 2012 da 2013 da 2014, a cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya haye Turai. Mu ma nan, bayan an yanke Jihar Zamfara a 1996, mun ga Zamfara United ta hau babbar gasar ƙasa, manyan ƙungiyoyi suna zuwa Gusau ana karawa da su a filin tunawa da Sardauna, kafin ta sauko.

To, ina gizo ke saƙar? Ga nawa ganin, wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Da aka ce sana'a ce, sai ma'aikatu da kamfanoni suka yi ta janye hannu, yawancin ƙungiyoyi suka koma hannun gwamnatocin jihohi. Ɗan wasa ya rasa aikin ofis da kakansa ke dogara da shi, albashin ƙwallon kuma sau da yawa mukan ji kukan an yi watanni ba a biya ba. Ƙungiyar da ke jiran baitulmali, in mai mulki yana son ƙwallo ta yi ƙiba, in wanda ya gaje shi ba ya so ta rame. Mu talakawa kuma muka naɗe hannu, muka bar gasar unguwanni ta zama ta lokacin siyasa, wani ya sayi kofi da riguna masu hotonsa, a yi mako biyu a watse. Muka cike rijiya, muna mamakin guga ta fito ba ruwa.

Saboda haka ga shawarata ga malaman makaranta da akawuna da masu unguwanni na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba kuwa zan ce a ɗebi 'ya'yan mutane a mota da yamma a bi daji da su saboda ƙwallo ba. Amma tarihin nan ya nuna mana ba da tafiya aka fara ba. Kowane gari ya fara da nasa: Wonaka nata, Mada nata, Kwatarkwashi nata, 'Yandoto nata. Lissafin ba wuya. Ƙungiya shida, kowace ta kara da kowace sau biyu, wasa 30 ke nan. In ana yin uku a mako, mako goma an gama, a fara bayan an kai amfanin gona gida, a ƙare tun ba a shiga sharar gona ba.

Sharuɗɗa uku kaɗai nake roƙo. Na ɗaya, a rubuta jadawali tun ran farko a manna a bainar jama'a, ƙungiyar da ta ƙi zuwa ba da hanzari ba a ba abokiyar karawarta maki, a kuma ci ta tara. Na biyu, abin da aka tara, ko na karo-karo ko na ƙofa, a rubuta shi a littafi a karanta wa kowa ƙarshen wata, a ware wani kaso don jinyar wanda ya ji rauni. Na uku, 'yan kasuwa da masu sana'a su yi koyi da ma'aikatun dā: mai shagon walda ko ɗinki ko gyaran babur ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga cikin 'yan wasa ya koya musu aiki, ya sake su da la'asar ran wasa. Ran da Allah ya kawo zaman lafiya, kowane gari ya tsamo gwanayensa a haɗu a Gusau, yadda Kanawa suka yi a 1953.

Wani zai ce, duk wannan don wasa? Ni dai na ga yaron da ke da wasa ran Asabar yana kwana da wuri ran Juma'a. Na ga kuma wanda ba shi da abin jira, na ga inda zaman banza ya kai shi, mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na kawo kukana wannan fili.

Mu nan mun riga mun sami ƙungiya huɗu, muna neman biyu. Littafin yana hannuna, na ja masa layi, na bar gurbin sunaye. Ƙanen nan nawa da ya ce babu tsari, shi na ba aikin manna jadawali, ya kuwa karɓa. Wanda ya taɓa gwada irin wannan a garinsu, ina roƙo ya rubuto wa Edita ya gaya mana inda suka yi tuntuɓe, don mu kauce.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Haza wassalam.

Naka,
Akawun Wonaka