Ba Duk Ƙurungu Ne Iri Ɗaya Ba

Idan mai saye ya tsaya a kasuwar kifi ta Yauri ya nuna kwando ya ce "nawa ƙurungun nan?", da wuya ya san cewa kifi iri uku ko huɗu ya kira da suna ɗaya. Dukkansu suna da gashin baki, suna da ƙayoyi uku masu tsini, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, kuma kowannensu yana gurnani idan aka tsamo shi daga ruwa, ta hanyar goga gindin ƙayar gefe a mahaɗarta. Masana suna kiran danginsu Synodontis, kuma sun ƙidaya iri fiye da 130 a Afirka. Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun sami rabo mai tsoka.

Bambancin yana nan ga mai ido. Akwai mai jan wutsiya, wanda dogon gashin bakinsa ke da rassa kamar ganyen giginya. Tun 1758 masani Linnaeus ya raɗa masa sunan da yanzu ake kira Synodontis clarias. Akwai batensoda, mai iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, yana tsintar abinci a saman ruwa. Shi ya sa cikinsa ya fi bayansa duhu, saɓanin sauran kifaye. Mutanen Masar ta dā sun lura da wannan hali, har suka zana shi a juye a bangon kaburburansu.

Amma launi mayaudari ne. Wani iri, eupterus, yana ƙarami jikinsa zane-zane ne masu karkacewa, idan ya girma sai su koma ɗigo-ɗigo, har mutum ya rantse kifi biyu ne. Saboda haka masana ba sa dogara da launi. Sukan ƙirga haƙoran muƙamuƙin ƙasa, su duba ko gashin baki yana da fata-fata a gindinsa, sannan su dubi siffar ƙashin nan da ya miƙe a bayan kai saman ƙayar gefe: mai tsini ne ko mai faɗi?

Wani zai ce, to ina ruwan mai miya? Mai miya kam babu ruwanta. Hukuma ce ke da ruwa, domin duk lissafin kamun kifin da ya tattara dangi guda a layi ɗaya yana iya ɓoye asara. Iri ɗaya zai iya ƙarewa saboda raga mai ƙananan idanu ko canjin ambaliya bayan gina madatsar ruwa, wani ya cike gurbinsa, jimilla ta zauna daram a takarda.

Masu kiwon kifi ma sun san zafin irin wannan ruɗani a aljihunsu, ko da yake a wasu kifayen ne daban. Tarwaɗa fiffikenta na baya ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya, ramboshi kuwa yana da na biyu mai tsoka. Ana haɗa su a samar da ruwa-biyu, kuma a 'ya'yan kifi masu tsawon yatsa ba kowa ke gane wanne ya saya ba.

Ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Bussa, wadda tushenta ke komawa ga aikin Tafkin Kainji a 1968, ga kuma Sarkawa da suka gaji su kaka da kakanni. Abin da ya kamata shi ne a zaunar da ɓangarorin biyu a fitar da ɗan littafi mai hotuna da Hausa, sunan masunta kusa da na Latin, a ba malaman da ke rubuta kamu a bakin ruwa. Aikin kuwa na asuba ne, lokacin da jirage ke dawowa, domin da zarar an ɗora ƙurungu a kan banda, jan wutsiya da ɗigon jiki duk sun koma baƙi.