Burga Mai Madogara: Darasi Daga Teburin Karta Zuwa Karar Shagari

Caca haramun ce, kuma ba kiran kowa nake yi gare ta ba. Amma akwai lissafi a wasan kartar Turawa na poka da ya dace mai ciniki ya sani. Shi ne ya ja hankalin John von Neumann, wanda littafinsa da Oskar Morgenstern na 1944 ya kafa ilimin dabarun fafatawa.

Karta 52 ce, gida huɗu, kowane gida 13. A ce ɗan wasa ya ga biyar, huɗu daga ciki gida ɗaya ne, yana jiran ta biyar. Cikin 47 da bai gani ba, tara ne za su fisshe shi. Idan sauran jefi biyu, damarsa kusan kashi 35 ce cikin 100. Hannunsa bai nuna ba, amma ba fanko ba ne. In ya zuba kuɗi, hanyar cinsa biyu ce: ko abokin karawa ya tsorata ya janye, ko kartar ta zo.

Yawan zubin ma da ƙa'ida. Idan akwai 100 a tsakiya ya zuba 50 da hannu fanko, sai abokin ya janye sau ɗaya cikin uku kafin a tashi ba riba ba asara. In ya zuba 100, sai ya janye sau ɗaya cikin biyu. Girman burga, girman abin da take bukata.

Yanzu dubi mai rago a Shagari, mako biyu kafin Babbar Sallah. An taya, ya ce albarka. Yana da madogara: masu saye na tafe, motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega suna lodi zuwa Kudu. Amma ranar jajibiri kartarsa ta ƙare. Albarkar da ya faɗa da yamma burga ce tsagwaronta, kuma dillali ya sani.

Ra'ayina ke nan ga ma'aikacin da ke barazanar ajiye aiki, da ƙungiyar da ke kurarin yajin aiki. Kafin ka buɗe baki, ƙirga kartocin da za su cece ka idan aka ce maka bismillah. In akwai, yi magana daidai ƙarfinsu. In babu, rage murya, ka sallama tun ana tayi.