Kafin Alhaji Ya Sayi Gida A Garin Ƙanƙara

Na san wani zai karanta kan rubutun nan ya ce, "Malam, muna fama da kuɗin mudun masara, kai kuma kana mana zancen gidan hutu a ƙasar Turawa?" Ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ka daure ka bi ni zuwa ƙarshe, domin a cikin zancen akwai talaka, akwai mai kuɗi, akwai kuma akwatin zaɓe, kuma duk inda waɗannan uku suka haɗu ai maganar tamu ce.

Wani abokin yayana ne, ɗan kasuwa, wanda Allah ya buɗa wa ta hanyar halal, ya kira ni kwanakin baya. 'Ya'yansa biyu suna karatu a Turai, sun koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sun kuma dame shi da ya sayi gida a ɗaya daga cikin garuruwan da ake wannan wasa, inda iyali za su riƙa haɗuwa a hutun Disamba. Ya ce da ni, "Kai da ka zauna a can, wanne zan zaɓa? An ce mini Zermatt, an ce Courchevel, an ce Davos." Na ce, Yaya Alhaji, ba ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ce na ga ya dace in baje ta a nan.

Na yi karatu a Grenoble ta Faransa, kuma hunturu biyu na yi ina wanke-wanke a kicin ɗin wani otal a tsaunukan Savoie don in haɗa kuɗin haya. Saboda haka ni ta ƙofar baya na san waɗannan garuruwa. Mu huɗu muke kwana a ɗaki guda a ƙarƙashin ginin, gado kan gado. Idan na fito da asuba ina kallon manyan gidajen katako jere a gefen dutse, tagoginsu a rufe ruf, babu ko hayaƙi. Masu su suna Landan ko Faris ko Dubai, sai su zo sati biyu a shekara. Abokin aikina, haifaffen garin, kakansa a nan ya yi kiwon shanu, amma shi sai ya tuƙo mota kusan awa guda daga can ƙasan kwari, domin ba ya iya biyan haya a garin da aka binne cibiyarsa. Mutanen Suwizalan suna da suna ga irin waɗannan gidaje, suna ce musu "gadaje masu sanyi".

Abu na farko da na gaya wa Alhaji shi ne ya manta da sunan gari, ya tambayi tsayinsa. Dusar ƙanƙara tana ja da baya zuwa saman duwatsu. A watan Agusta na 2023 mujallar Nature Climate Change ta buga wani bincike a kan wuraren wasan zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Sakamakon ya nuna idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 cikin 100 na wuraren za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara matuƙar ba a haɗa da ta inji ba. Idan ta kai digiri 4, kashi 98 ne. Kuma abin ya riga ya fara. A Janairun 2023 an yi gasar duniya a Adelboden ta Suwizalan a kan wani siririn layin ƙanƙarar inji, hagu da dama ciyawa ce. A wannan shekarar dai aka rufe ɗan wurin wasan La Sambuy da ke kusa da Annecy, hukumar garin ta gaji da cike giɓin asara. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin da waɗannan wurare suka dogara da shi ya fara gajiya.

Dillali zai ce maka kada ka damu, akwai injin feso ƙanƙara. Akwai shi kam. Sai dai injin yana shan ruwa da wutar lantarki kamar ba gobe, kuma ba ya aiki sai iska ta yi sanyi ƙasa da sifili. Ranar da aka tashi da ɗumi, injin kallo ne. Kitzbühel ta Ostiriya, duk da sunanta da tsadarta, garin bai kai mita 800 daga doron teku ba. Val Thorens ta Faransa tana mita 2,300, ita ce mafi tsayi a Turai. Wanda zai zuba kuɗin da yake fatan jikokinsa su gada, dole wannan bambanci ya hana shi barci.

To sai a ce a haye can sama kawai a huta? A nan ma da sauran magana. Garuruwa irin su Val Thorens an gina su ne musamman don wasan, a farkon shekarun 1970, a inda da can babu kowa sai makiyaya da rani. Je ka a ƙarshen Mayu ka gani: shaguna a kulle, titi fayau, ko burodi sai ka nema. Ga kuma dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya, kwana a mita 2,300 abu ne da sai ya tambayi likitansa tukuna. Sannan su kansu duwatsun suna motsi, saboda daskararriyar ƙasar da ke riƙe da su tana narkewa. Ranar 28 ga Mayu, 2025, dutse da ƙanƙara suka rufto suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a jihar Valais. Allah ya sa hukuma ta kwashe mutanen, kimanin 300, kwanaki kafin haka. Kowace ƙaramar hukuma a can tana da taswirar haɗari mai nuna inda zaftarewa ke bi. Na ce wa Alhaji, duk dillalin da ya nuna maka hoton falo kafin ya nuna maka wannan taswira, ka tashi ka ba shi wuri.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, wato doka, domin a nan ne darasin siyasar yake.

A Suwizalan baƙon da ba mazaunin ƙasar ba ba ya tashi haka kawai ya sayi gida. Akwai dokar da ake kira Lex Koller, wadda asalinta ta 1983 ce. Gidajen hutu 1,500 kacal ake yarda a sayar wa baƙi a shekara a faɗin ƙasar, an raba wa jihohi, kuma a ƙa'ida gidan ba zai wuce murabba'in mita 200 na wurin zama ba. Andermatt ce ta samu sassauci na musamman, saboda gagarumin aikin da attajirin Masar Samih Sawiris ya kai can. Kuma mallakar gidan ba ta ba ka izinin zama. Da bizar Schengen kwana 90 ne cikin kowane 180, ko fadar sarki ka saya.

Wannan ta baƙi ce. Wadda ta fi burge ni ita ce ta 2012, domin ta hau kan kowa, har da attajiran ƙasar. Wani dattijo mai fafutukar kare muhalli, Franz Weber, ya tattara sa hannun jama'a ya tilasta a yi ƙuri'ar raba-gardama a kan magana ɗaya: duk ƙaramar hukumar da gidajen hutu suka wuce kashi 20 cikin 100 na gidajenta, a daina gina sababbi. Gwamnatin tarayya ta ce a ƙi. Majalisa ta ce a ƙi. Masu gine-gine da jihohin tsaunuka suka yi ca a kansa. Ranar 11 ga Maris, 2012 aka kaɗa ƙuri'a, ya yi nasara da kashi 50.6. Da ƙyar, kamar a ce da gashin baki. Amma aka ƙirga, aka sanar, aka shigar da ita kundin tsarin mulki, dokar aiwatarwa ta fara aiki a Janairun 2016. Jama'a, ku sake karanta wannan sakin layi a hankali.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don kada a ce na yi son kai. Yawancin mutanen tsaunukan da aka ce ana karewa sun ƙi dokar a akwati. A Valais kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a'a, suna ganin 'yan birni ne ke yanke musu hukunci a kan abincinsu, tunda kafinta da birkila da mai gyaran famfo duk da ginin nan suke ci. Kuma da aka hana sabon gini, tsofaffin gidajen da doka ta bari a sayar a matsayin na hutu sai suka ƙara daraja, har ya zama ɗan gari yana sayar da gidan gado ga baƙo ya sauka kwari. Wato an toshe ƙofa, ɓarawon ya biyo ta taga. Duk da haka ni ina tare da Weber. Dokar da ta gaza a wani gefe ana iya gyara ta, amma filin kiwon da aka riga aka zuba wa kankare ya tafi ke nan.

Faransa ba ta hana baƙo saye, ta aljihu take kama shi. Kuɗin rajista da na lauyan gwamnati a kan tsohon gida yana kai kashi 7 zuwa 8 na farashin. Harajin zama da aka soke wa gidan da mutum yake ciki a 2023 yana nan daram a kan gida na biyu, kuma garuruwan da ke da matsin gidaje suna da ikon ƙara har kashi 60 a kai. Idan dukiyarka ta gidaje a ƙasar ta haura yuro miliyan 1.3, ga wani harajin shekara-shekara. Sannan a Nuwamban 2024 aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe unguwanni ga mazauna na dindindin, kuma Chamonix, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, ta yi amfani da ita a 2025 ta taka wa sababbin gidajen hutu birki. A jihar Tirol ta Ostiriya ma an daɗe da ƙuntata su. Can Amurka kuwa, a Aspen ta jihar Colorado, sai da hukuma ta kafa shirin gidaje na musamman don ma'aikata, in ba haka ba babu mai koyar da yara ko kashe gobara da zai iya kwana a garin. Iskar duk gefe guda take kaɗawa, kuma mai saye a yau ya sani cewa gobe harajinsa hawa zai yi.

Bari in ɗan ratse. Alhaji ɗan kasuwa ne, kuɗinsa nasa ne. Amma in mai karatu yana riƙe da muƙamin gwamnati kuma wannan sha'awa ta taso masa, ya tuna Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta masa bayyana kadarorinsa, ya kuma hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a waje. Gidan da ake biya wa wuta da haraji da mai share ƙanƙara duk wata, ta wane asusu za a riƙa biya? Na bar muku wannan.

To wanne na zaɓar masa? Na ce idan lallai sai ya saya, ya nemi garin da yake raye wata goma sha biyu, mai makaranta da asibiti da kasuwa da tashar jirgin ƙasa, wanda kuma yake da hanyar hawa zuwa filayen wasa masu tsayi. Misalin da na ba shi Bourg-Saint-Maurice ce: garin yana ƙasa a kwari, wajen mita 800, jirgin ƙasa yana zuwa har cikinsa, kuma daga gefen tashar akwai ɗan jirgin da ke hawa dutse ya kai ka Les Arcs cikin 'yan mintoci, inda filayen ke kaiwa sama da mita 3,000. Ka kwana a inda numfashi ba ya wahala, yara su yi wasa a inda ƙanƙara ba ta yankewa. Chamonix ma haka take, ga ta kimanin awa guda daga filin jirgin saman Jeniba, sai dai tsada. Ba su da ƙyalƙyalin Courchevel, ba za ka ci karo da taurarin fim a layin burodi ba. Amma ko ƙanƙara ta yi ƙaranci, masu hawan dutse da masu keke suna cika su da rani, gidanka ba zai zama kufai ba.

Shawarata ta gaskiya kuwa, wadda na san ba ita yake son ji ba, ita ce kada ya saya yanzu. Lissafin a fili yake. Sati biyu ko uku zai yi a ciki, sauran sati 49 ko 50 yana biyan haraji da inshora da kuɗin ɗumama gidan don kada bututun ruwa ya daskare ya fashe. Da wannan kuɗin zai kama hayar gida mai kyau duk hunturu, bana a Faransa, baɗi a Italiya, wata shekarar ma ya gwada Oukaïmeden da ke saman Marrakesh a Maroko, ya ga ƙanƙarar Afirka. Yaran da ke matsa masa yau, nan da shekara biyar wa ya san inda aiki da aure za su kai su? Idan kuma ya saya, na roƙe shi abu ɗaya: ya ba da shi haya a watannin da ba ya nan, ko da ɗaki guda ne na ƙasa ga wani ma'aikaci. Na faɗi haka ne ina tuna wancan ɗakin namu na mutum huɗu, da safar da muke shanyawa a kan bututun ɗumama.

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗan adawa ne ko a kan ƙanƙara." Amma ya kama hayar sati biyu a Bourg-Saint-Maurice don Janairu mai zuwa. Na ce masa ya sake komawa a watan Nuwamba, lokacin da babu baƙi, ga hazo, ga ruwan sama, rana tana ɓuya bayan dutse tun kafin la'asar ta yi sanyi, ya kwana uku shi kaɗai ba tare da yaran ba. Ya ce zai duba.