Kafin Ɗanƙwairo Ya Zama Ɗanƙwairo

Yau zan fara da tona wa kaina asiri.

Ina aji biyar na sakandare, malamin Hausa ya ce duk mai sha'awa ya rubuto gajeren labari, za a liƙa a allon sanarwa. Na ɗauko labarin wani yaro mai kamun kifi a madatsar ruwa ta Bakolori. Shafin farko kawai na yi ta rubutawa ina yagewa. Yau in ga farkon bai yi armashi ba, gobe in ga sunan yaron bai dace ba. Har wa'adi ya cika ban kai shafi na biyu ba. Abokina kuwa ya miƙa nasa da kurakuransa, malam ya bi shi da jan biro, aka liƙa. Kafin mu gama makaranta ya rubuta wasu uku, kowanne ya fi na baya. Ni kuwa nawa yana ƙasan akwati har yau.

A lokacin ina ce wa kaina ai ni ba na son aikin ha'inci ne. Daga baya na gane tsoro ne kawai. Ina gudun a karanta a yi dariya.

Wanda ya taimaka mini na fahimci haka ɗan yankinmu ne, Alhaji Musa Ɗanƙwairo. An haife shi a Bakura, ya tashi a Maradun, inda mahaifinsa Usman Ɗankwanda yake makaɗin fada. Mu da muka taso muna jin muryarsa a rediyo muna ɗauka da gwanintarsa aka haife shi. Alhali yana yaro bin mahaifinsa yake yi yana amshi. Ko sunan da duniya ta san shi da shi, an ce daga wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo ya samo asali, saboda muryarsu ta yi kama. Da mahaifinsu ya rasu, yayansa Kurna ne ya ja ragamar kiɗan, Musa yana biye. Sai bayan shekaru yana wannan ya zama Ɗanƙwairon da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, wanda ya rasu a 1991 amma har gobe ake sauraronsa.

Ku lura da yadda makaɗan fada suke aiki, ko shi, ko Sa'idu Faru da ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙoƙi, wanda ya yi sarauta a Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Makaɗi yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu kotso su ɗauka. Daga nan sai a riƙa ɗora ɗiyan waƙa. Idan aka sake rera ta a wani taron, wani ɗan ya fita, wani sabo ya shigo. Ke nan a bainar jama'a waƙar take nuna, kunnuwa da yawa sun ji ta tun tana ɗanya. Da makaɗi zai ce ba mai jin waƙarsa sai ta cika goma, da ba mu gaji ko ɗaya ba.

Kuskurenmu shi ne muna auna shafinmu na farko da aikin da gwani ya shekara talatin yana gogewa. Dole mu raina kanmu.

To, mene ne abin yi? Ga abin da nake gwadawa yanzu, ko rubutu kake yi, ko zane, ko ɗinki, ko waƙa.

Ka raba ranar yi da ranar gyara. Ranar yi, kada ka soke komai sai ka kai ƙarshe, ko da kana jin abin bai yi ba. Ka ajiye shi kwana biyu, sannan ka dawo da jan biro. Ba a gyara farar takarda.

Ka samo 'yan amshinka, mutum biyu da za su gaya maka gaskiya ba tare da wulaƙanci ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, don za su ce e saboda kunya. Tambaye su: ina ne kuka fara gajiya? Ina ne ba ku gane ba?

Ka yanka wa kanka wa'adi, ka kuma sanar da wani. Ranar ta zo, ka miƙa abin da ke hannunka.

Ban ce a yi aikin gaggawa a watsar ba. Gyara wajibi ne, amma sai an gama ake yin sa. Cikar kamala kuwa ta Allah ce shi kaɗai.

Har wannan shafin da kuke karantawa, sai da na ji kamar kada in aiko shi. Ga aikinku na wannan makon: ku ɗauko abin nan da kuka fara kuka ɓoye, ku ƙarasa shi kafin Juma'a, ku nuna wa mutum ɗaya. Ni ma zan buɗe akwati in ɗauko yaron Bakolori.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.