Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Mohammed Umaru Bago Kan Cutar da Ke Cin Matanmu a Ɓoye

Mai girma Gwamna, 

Ni malamar makaranta ce a Garam, can gefen Ƙaramar Hukumar Tafa a ƙasar Suleja, inda in mutum ya miƙa hanya kaɗan sai ya tsinci kansa a Bwari. Abuja a bakin hancinmu take, amma ba komai nata ne ke ƙetarowa zuwa gare mu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne goggona, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta.

Ta yi shekaru da daina al'ada, sai jini ya dawo mata. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a wurinta wannan ba zancen da dattijuwa ke yi ba ne, ko da a gaban 'yarta. Da ruwa mai wari ya biyo baya, sai ta ce ciwon sanyi ne, ta aika kemis aka haɗo mata ƙwayoyi. Aka jiƙa sassaƙe, aka yi turare, wata maƙwabciya har ta rantse aikin kishiya ne. Ranar da muka kai ta asibiti, likitar ta duba ta, ta jawo ni gefe ta tambaye ni me ya sa sai yanzu. Sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta yi nisa. Muka sayar da abin da za mu iya sayarwa, muka yi ta zarya neman layin na'urar gashi. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Tambayar likitar ta daɗe tana cina. Daga baya na zauna da wayata na yi ta bincike, kuma abin da na gano ya fi rasuwar ɓata mini rai. Cutar nan ba a dare ɗaya take kama mace ba. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa ta, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma yawancin mutane jikinsu kan kore ta da kansa ba tare da sun ma sani ba. Ga wadda ta zauna wa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama daji. A duk tsawon wannan lokaci, ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta iya shafa ruwan tsami a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi da wata 'yar na'ura cikin mintoci, mace ta ɗaura zaninta ta koma gida. Shekara 15 goggona na yawo da abin da za a iya kashewa a zama ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata da harshen da take ji.

Ranka ya daɗe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Najeriya, kusan 8,000 suka mutu. In aka cire sankarar mama, babu dajin da ya fi ta kama matanmu. Mace mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa haɗarinta ya ninka na sauran har sau shida. Duk wannan a rubuce yake, cikin mujallun likitoci da kundayen digiri da ke jere a ɗakunan karatu na jami'o'i, da Turanci mai nauyi, wasu ma sai an biya dala kafin a buɗe su a intanet. Matan da aka yi binciken a kansu, waɗanda suka amsa tambayoyi a layin awon ciki, su ne na ƙarshe da za su ji sakamakon.

Wannan tsohuwar cuta ce a harkar ilimi. A 1951 wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks ta je asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimo na Amurka da irin ciwon goggona. Aka yanki ɗan naman jikinta ba tare da an nemi izininta ba. Ta mutu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin halittarta suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan gwaji, aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan inna da binciken daji iri-iri. Iyalinta, talakawa, sun fi shekara 20 ba su san da zancen ba. A can Amurkan dai, shekara 10 bayan mutuwarta, an kama ɗalibai baƙar fata 9 a birnin Jakson na jihar Misisifi saboda sun shiga ɗakin karatun da aka keɓe wa farar fata sun zauna suna karatu. Har yau baƙaƙen matan Amurka sun fi fararen mutuwa da sankarar bakin mahaifa. Mu nan ba launin fata ne ya tare mana ƙofa ba, Turanci ne da talauci da nisan gari, amma gawar iri ɗaya ake ɗauka.

Zan faɗi alherin da aka yi, don kada a ce na zo da ƙorafi kawai. A ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Jiharmu ta shiga a zagaye na biyu, a watan Mayu 2024. Kafin nan ma, Dakta Amina Abubakar Bello, matar gwamnan da ka gada, wadda likitar mata ce, ta yi ƙoƙari wajen gwajin daji a Minna ta gidauniyarta ta Raise. Amma ni da ke tsaye a gaban allo na ga yadda ranar allura take. Da labari ya bazu cewa masu rigakafi na zuwa, aji ya kan rage. Wata uwa ta ce mini ta ji a WhatsApp allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa mata kaɗai ake yi wa?

Ban yi mata dariya ba, kuma ina roƙon jami'anka kada su yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Tambayar matar nan tana da amsa mai sauƙi: mace ce ke da mahaifa, ita cutar ke kashewa, kuma allurar ta fi aiki in an yi ta kafin yarinya ta san ɗa namiji. Amma amsar na buƙatar wanda zai zauna a tabarma ya ba da ita, ba fosta mai Turanci da aka manna a bangon asibiti ba.

Mun taɓa sanin yadda ake wannan aiki. Alhaji Abubakar Imam, ɗan Kagara ne, ɗan jihar nan, shi ne editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da Hausa kan tsafta da lafiya da noma, En'e kuma tana da ɗakunan karatu a garuruwa inda mai karatu ɗaya kan karanta wa mutum goma. Yau muna da hukumar ɗakunan karatu ta jiha, muna da jami'o'i a Minna da Lapai, muna da ɗalibai masu nazarin aikin laburare da ke neman abin rubuta kundi. Me zai hana a ɗora musu aikin tattaro abin da bincike ya tabbatar kan wannan cuta da sankarar mama da ta ƙwan mace, su mayar da shi Hausa da Gbagyi da Nufanci, a takarda ga mai karatu, a murya ga mai waya? Malaman Islamiyya, da zumuntar mata a coci, da ungozoma, su ne rumbunan da ya kamata a zuba shi.

Sai dai sani kaɗai ba ya warkarwa. In mace ta ji, ta yarda, ta tashi ta je asibitin sha-ka-tafi aka ce mata ba a yin gwajin a nan, an ƙara mata tsoro ne kawai. Tun Nuwamba 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 70 cikin 100 na mata gwaji, sau ɗaya kafin shekara 35, a sake kafin 45. Ruwan tsami da fitila da ma'aikaciya mace da ta samu horo ba su kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Na nanata mace, domin matan ƙauyenmu da yawa sun gwammace su mutu da su kwanta a gaban namiji, kuma mazansu ma ba za su bari ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A sa gwajin a ranar awon ciki da ranar rigakafin jarirai, lokacin da matan suka riga suka zo da ƙafarsu. Wadda aka samu tata ta wuce ƙonawa, jiha ta ɗauki nauyin kai ta inda ake gashi, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja, kada a bar dangi su sayar da gona kamar yadda muka yi.

Kana son a kira ka manomi, Mai girma Gwamna. To matan da nake magana a kansu su ne ke ɗauko doya da itace daga gona zuwa bakin titi, su ne ke cika kasuwar Sabon Wuse. Goggona ta bar 'ya'ya mata uku, babbar ta haura 35, kuma har yau ba a taɓa duba ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina roƙonka, don Allah, gwajin nan ya iso Garam kafin a sake tambayar wani daga gidanmu me ya sa sai yanzu.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata malamar makaranta,
Garam, Ƙaramar Hukumar Tafa, Jihar Neja.