Ƙofar Nasara Ta Faris: Sunan Wa Ke Jikinta?

Jama'a, a birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wata ƙofa ta dutse wadda ba ta da ƙyaure, ba ta kuma jingina da ganuwa ba. Tana tsaye ita kaɗai a fili, inda manyan hanyoyi 12 suka gamu. Tsayinta ƙafa 164, faɗinta ƙafa 148, mai son hawa bisa kanta sai ya taka matakala 284. Faransawa suna ce da ita Arc de Triomphe, watau Ƙofar Nasara. Mu dai muna so talaka ya san labarinta.

Sarki Napoliyon shi ya ba da umurni a gina ta cikin 1806, bayan ya ci yaƙin Austerlitz. An ɗauko fasalinta daga ƙofofin da sarakunan Rum na dā su kan gina in sun komo da nasara, wani gwanin gini wai shi Chalgrin ya tsara ta. Harsashi kaɗai ya ci shekara biyu. Cikin 1810, da Sarki zai shiga gari da amaryarsa, gini bai tashi ba, sai aka kafa masa ƙofar katako da ƙyalle mai fenti don a ruɗi ido. Mulkinsa ya faɗi cikin 1814, aiki ya tsaya. Ba a gama ba sai 1836, alhali mai ƙofa ya mutu a tsare tun 1821. Gawarsa ce ta wuce ta ƙarƙashinta cikin 1840.

To, sunan wa aka sassaƙa a bangonta? Sunaye 660 ne, kusan dukansu na janar-janar da manyan hafsoshi. Cikin 1812 Napoliyon ya kwashi mayaƙa fiye da rabin miliyan ya shiga Rasha, mafi yawansu ba su komo ba. 'Ya'yan manoma ne da maƙera da masaƙa, da yawa an ɗebo su bisa tilas. Siffarsu tana nan a jikin dutsen, suna riƙe da takubba, amma ba suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Sai da Babban Yaƙi na 1914 zuwa 1918 ya cinye sojan Faransa wajen miliyan ɗaya da dubu 400, sa'an nan aka tuna da ƙaramin soja. Aka jera akwatunan gawa takwas a Verdun, na mutanen da ba a san ko su wane ne ba, aka sa wani saurayin soja ya zaɓi ɗaya. Cikin 1921 aka binne shi a gindin ƙofar. Tun 1923 wuta ta ke ci a kan kabarin, kowace maraice da ƙarfe shida da rabi ana raya ta. A ganinmu wannan kabari shi ne darajar wurin duka. Dutsen kam bai san ubangidansa ba: sojan Jamus sun yi fareti a wurin cikin 1871, sun sake yi cikin 1940.

Maganar ta shafe mu. Faransa ta ɗebi soja a Afirka ta Yamma, har da ƙasar Nijar, a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ran 26 ga Agusta 1944 Janar de Gaulle ya taso daga wannan ƙofa da murnar ƙwato Faris, amma an riga an tsame baƙaƙen soja daga rundunar da aka zaɓa ta shiga birnin, ko da ya ke daga Cadi tushenta ya ke. Ran 1 ga Disamba na shekarar nan, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Afirka da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masu binciken tarihi sun ce sun fi haka nesa. Sai cikin 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne.

Saboda haka, 'yan'uwa na kasuwa da na gona, duk ran da mai mulki ya ce zai yi ginin tunawa da kuɗin harajinku, kada tsayin gini ya ɗauke muku hankali. Ku tambaye shi sunan wa zai rubuta, ku kuma tambaye shi ko an biya waɗanda suka yi wahalar hakkinsu tun suna da rai.